Bayani kan manhajojin da ke auna aikin manyan kwamfutoci

A watan Mayun shekara ta 2022 ne aka ba da sanarwar cewa wata kwamfuta mai suna Frontier, wadda ke cibiyar binciken kimiyya ta Oak Ridge a jihar Tennessee ta Amurka, ta zamo ta farko da aka tabbatar a bainar jama'a cewa ta yi lissafi sama da biliyan sau biliyan a cikin daƙiƙa guda.

Sai dai kuma a lokacin da aka gwada ta da wata jarrabawa ta daban mai suna HPCG, wadda ta fi kama da irin ayyukan da masana kimiyya ke yi yau da kullum, abin da ta iya yi bai kai kashi 2 cikin ɗari na wancan adadi ba.

Babu abin da ya lalace a jikin kwamfutar. Abin da ya faru shi ne sassanta masu yin lissafi sun shafe mafi yawan lokacin suna jiran bayanai su iso gare su, kuma haka lamarin yake ga sauran manyan kwamfutocin duniya idan aka yi musu wannan jarrabawa.

Gano inda irin wannan jira yake, da kuma abin da ke haddasa shi, wani fanni ne mai zaman kansa a ilimin kwamfuta, kuma akwai manhajoji na musamman da ke zana wa mai bincike hoton yadda na'ura ta yi amfani da lokacinta. Ga bayani a kan yadda suke aiki.

Mece ce na'urar GPU?

Kowace kwamfuta tana da babbar ƙwaƙwalwa da ake kira CPU, wadda ke ɗauke da ma'aikatan lissafi 'yan kaɗan, daga huɗu ko takwas a kwamfutar ofis zuwa gommai a manyan na'urori. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙwararre ne, yana iya yin kowane irin aiki.

Ita kuwa na'urar GPU an ƙera ta ne tun asali domin zana hotuna a wasannin bidiyo, inda ake buƙatar a lissafa launin ɗigo-ɗigo miliyoyi a kan allo sau da dama a cikin daƙiƙa guda. Saboda haka aka cika ta da dubban ƙananan ma'aikata, waɗanda kowannensu bai kai na CPU ƙwarewa ba, amma suna yin aiki iri ɗaya a lokaci guda.

Tsarin ya yi kama da na gayya. Manomi ɗaya komai ƙarfinsa ba zai nome babbar gona a yini guda ba, amma idan aka jera mutane ɗari kowa da kunyarsa, kafin azahar an tashi.

A shekara ta 2007 kamfanin Nvidia na jihar California ya fitar da wani tsarin rubuta manhaja mai suna CUDA, wanda ya sauƙaƙa amfani da waɗannan na'urori wajen lissafin kimiyya. Daga bisani aka samu wasu hanyoyin, kamar OpenCL da OpenACC da OpenMP, da kuma HIP na kamfanin AMD.

Na'urar A100 da Nvidia ya fitar a shekara ta 2020 tana da irin waɗannan ƙananan ma'aikata 6,912. Ita kuwa Frontier tana ɗauke da na'urorin GPU na AMD fiye da dubu 37.

Manhajar da ke amfani da GPU kashi biyu take. CPU ce ke shirya bayanai, ta tura su zuwa ma'ajiyar GPU, sannan ta ba da umarnin a fara lissafi. Kowane umarni yana ɗauke da damin aiki guda, wanda masana ke kira kanel, kuma dubban ma'aikatan ne ke rarraba shi a tsakaninsu. Idan sun kammala sai a dawo da sakamakon.

A kowace gaɓa daga cikin waɗannan ana iya samun jinkiri, kuma mai rubuta manhajar ba ya ganin sa da ido.

Me ya sa ba a dogara da hasashe?

Tun a shekara ta 1971 masanin nan na jami'ar Stanford, Donald Knuth, ya nazarci manhajoji masu yawa da aka rubuta da harshen Fortran, ya kuma gano cewa galibi ƙasa da kashi 4 cikin ɗari na rubutun manhaja ne ke cinye fiye da rabin lokacin da take ɗauka. Matsalar ita ce masu rubutun kan yi kuskure wajen hasashen ko wane ɓangare ne wannan.

Kafin nan, a shekara ta 1967, injiniya Gene Amdahl ya yi wani bayani da har yanzu ake kira da sunansa. Ya nuna cewa ɓangaren aikin da ba a iya rarrabawa shi ne ke yanke iyakar saurin da za a samu.

Alal misali, a ce wani aiki yana ɗaukar minti 100, kuma minti 90 daga ciki ne ake iya miƙa wa GPU. Idan GPU ta ninka saurin wannan ɓangare sau 30, zai koma minti 3. To amma sauran minti 10 suna nan daram, don haka aikin zai ɗauki minti 13, wato saurin bai kai ninki 8 ba. Ko da za a kawo na'urar da za ta gama nata kason a ƙiftawar ido, ba za a wuce ninki 10 ba.

Akwai kuma wani tarko da sababbin shiga ke yawan faɗawa. Idan CPU ta ba GPU umarni, ba ta tsayawa jiran a gama, sai ta wuce zuwa layi na gaba. Wanda ya sa agogo kafin umarnin da kuma bayansa, abin da ya auna shi ne lokacin ba da umarni kawai. Sai ya ga adadi ɗan ƙanƙani ya yi murna, alhali kuwa lokacin na gaskiya ya ɓuya a wani wuri can gaba, inda CPU ta tsaya karɓar sakamako.

Ta yaya ake yin awon?

Hanyoyi uku ne aka fi amfani da su, kuma yawancin manhajojin awo suna haɗa su.

Ta farko ita ce leƙe. Manhajar awo kan leƙa sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa ta ga wane layi ake aiwatarwa, kamar yadda mai gona kan zagayo lokaci-lokaci ya ga inda kowa yake. Layin da aka fi yawan tararwa a kansa shi ne ke cin lokaci. Wannan hanya ba ta cika takura wa aikin ba.

Ta biyu ita ce rajista. A nan ana rubuta lokacin farawa da na ƙarewa na kowane abu da ya faru: kowane dami, kowace jigilar bayanai, kowane saƙo tsakanin na'ura da na'ura. Ta fi ba da cikakken bayani, amma bayanan da take tarawa suna da yawa ƙwarai.

Ta uku ita ce karanta ma'aunan da aka gina a jikin ita kanta na'urar, waɗanda ke ƙirga abubuwa kamar yawan lissafin da aka yi, da yawan bayanan da aka ɗauko daga ma'ajiya, da sau nawa ma'aikata suka tsaya jira.

A farkon lamari sakamakon awo jerin alƙaluma ne kawai. Manhajar gprof, wadda Susan Graham da Peter Kessler da Kirk McKusick na jami'ar California da ke Berkeley suka gabatar a shekara ta 1982, tana fitar da jeri ne da ke nuna kason lokacin da kowane sashe na manhaja ya ci.

Wannan ya wadatar a lokacin da ma'aikaci ɗaya ne ke aiki. Amma idan abubuwa da dama na gudana a lokaci guda, jimillar alƙaluma ba ta nuna wa ya jira wa. Dalili ke nan da ya sa tun a shekarun 1990 aka fara samar da manhajojin da ke zana abin a hoto, kamar Vampir a Jamus da Paraver a birnin Barcelona na ƙasar Spain. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Me ake gani a kan allo?

Babban hoton da waɗannan manhajoji ke nunawa shi ne jadawalin lokaci. Lokaci na tafiya daga hagu zuwa dama, kuma an raba allon layi-layi daga sama zuwa ƙasa.

Akwai layi na kowane ma'aikacin CPU, akwai layin jigilar bayanai zuwa GPU da dawowa, akwai kuma layin dammunan da GPU ke aiwatarwa. Kowane aiki yana bayyana a matsayin sanda mai launi, wadda tsawonta ke nuna lokacin da ya ɗauka. Mai bincike na iya faɗaɗa hoton daga minti guda har zuwa kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa.

Abin da ƙwararru ke fara dubawa shi ne wuraren da babu launi a layin GPU, domin kowane gurbi yana nufin na'urar tana zaune tana cin wuta ba ta aikin komai. Sai su ɗaga kai su duba abin da ke faruwa a sauran layukan daidai wannan lokaci.

Domin a sauƙaƙa karatun hoton, mai rubuta manhaja kan sanya alamomi a cikin rubutunsa, ya ba kowane mataki suna, kamar karanta bayanai ko lissafin iska ko ajiye sakamako. Waɗannan sunaye sai su fito a saman jadawalin. Tsarin Nvidia na yin haka shi ake kira NVTX.

Matsaloli huɗu ne suka fi yawan bayyana a irin wannan hoto.

Ta farko ita ce cunkoso a kan gada. A yawancin kwamfutoci CPU da GPU kowacce da ma'ajiyarta, kuma hanyar da ta haɗa su ƙunci gare ta. A cikin ma'ajiyarta, na'urar A100 na iya motsa gigabait kusan 1,555 a daƙiƙa. Amma gadar PCIe ta ƙarni na huɗu da ake haɗa ta da ita ba ta wuce gigabait 32 a daƙiƙa ta kowace fuska, kuma a aikace abin bai kai haka ba.

A ɗauka wata manhaja tana maimaita mataki sau 10,000, kuma a kowane zagaye tana tura gigabait guda ta dawo da gigabait guda. Idan gadar na ɗaukar gigabait 25 a daƙiƙa, jigilar kaɗai za ta ci daƙiƙa 800. A ce lissafin kansa daƙiƙa 100 ne, jimilla minti 15 ke nan.

Wanda bai yi awo ba zai iya shafe makonni yana gyaran lissafin, kuma ko ya rage shi da rabi, daƙiƙa 50 kawai ya tsira da su daga cikin 900. Wanda ya duba jadawali kuwa zai ga dogayen sandunan jigila da gajerun sandunan lissafi a tsakaninsu. Idan ya bar bayanan a ma'ajiyar GPU tun daga farko har ƙarshe, aikin zai koma ƙasa da minti 2.

Inda jigilar ta zama dole, akan raba bayanan kashi-kashi, ta yadda za a riƙa turo kashi na gaba a daidai lokacin da ake lissafa na yanzu. A jadawali ana gane an yi nasara idan sandunan jigila da na lissafi suka hau kan juna maimakon su bi juna a jere.

Matsala ta biyu ita ce ƙananan dammuna. Ba da kowane umarni yana cin wani ɗan lokaci, kimanin kashi kaɗan cikin miliyan na daƙiƙa. Idan damin da aka aika bai fi haka tsawo ba, to lokacin aike ya kai na aiki. A hoto abin kan fito kamar haƙoran mataji. Maganin shi ne a haɗe dammunan su zama manya, ko a shirya jerinsu sau ɗaya a riƙa aika shi a dunƙule.

Ta uku ita ce tsayawar da ba ta da dalili, inda CPU ke dakatawa bayan kowane dami har sai an gama, sannan ta fara shirya na gaba. Sau da yawa layi ɗaya ne ke jawo haka, kamar wanda ke buga wani adadi a kan allo a kowane zagaye.

Ta huɗu ta shafi kwamfutoci masu na'urori da yawa, wato rashin daidaiton kaso. Idan an raba taswirar duniya tsakanin na'urori dubu, kuma ɗaya ta samu yankin da lissafinsa ya fi wuya, sauran 999 za su gama su zauna jiran ta kafin a shiga mataki na gaba. A gayya ma ba a komawa sabuwar gona sai mai kunyar ƙarshe ya kai bakin iyaka.

Idan dami guda ne ke cin lokacin fa?

Bayan an toshe guraben, mataki na gaba shi ne a buɗe damin da ya fi tsawo a duba cikinsa. A nan ne ake amfani da ma'aunan jikin na'ura.

Ma'aikatan GPU ba sa tafiya ɗaya-ɗaya. A na'urorin Nvidia ayari-ayari suke na 32, a manyan na'urorin lissafi na AMD kuma 64, kuma duk 'yan ayari ɗaya umarni guda suke bi a lokaci guda.

Saboda haka idan manhaja ta zo mararraba, wasu 'yan ayarin suka bi dama wasu suka bi hagu, na'urar za ta bi da su hanyoyin biyu ne ɗaya bayan ɗaya, waɗannan na aiki waɗancan na jira. Manhajar awo kan nuna a kan wane layi hakan ke faruwa.

Haka nan wajen ɗauko bayanai. Ma'ajiya tana ba da bayanai ne a dunƙule. Idan 'yan ayari 32 suka nemi abubuwan da ke jere kusa da juna, tafiya kaɗan ta isa. Idan kuwa kowa ya nemi nasa a wani lungu daban, za a yi ta sintiri ana kwaso abin da ba a buƙata. Sau da yawa sauya yadda aka jera bayanai a ma'ajiya kawai kan ninka saurin dami.

Akwai kuma batun yawan ayarorin da ke zaune a shirye. GPU na ɓoye jira ne ta hanyar juyawa ga wani ayarin idan na farko ya tsaya jiran bayanai. Idan ayarorin da ke shirye ba su da yawa, babu wanda za a juya gare shi.

Mene ne zanen rufi?

Wata muhimmiyar tambaya ita ce yaushe za a daina gyara. A shekara ta 2009 Samuel Williams da Andrew Waterman da David Patterson na Berkeley suka wallafa wata hanya ta amsa ta, kuma a yau manhajojin awo da dama suna zana ta kai tsaye.

Zanen yana kama da rufin ɗaki: layi ne da ke hawa a karkace sannan ya miƙe. Ɓangaren da ke karkace iyakar saurin ma'ajiya ce, miƙaƙƙen kuma iyakar ƙarfin lissafi ce. Kowane dami yana fitowa a matsayin ɗigo a ƙarƙashin rufin, gwargwadon yawan lissafin da yake yi a kan kowane bait da ya ɗauko.

Na'urar A100 na iya yin lissafi kusan tiriliyan 9.7 a daƙiƙa da alƙaluma masu cikakken daidaito irin na kimiyya. Idan aka raba wannan da saurin ma'ajiyarta, za a ga cewa sai dami ya yi lissafi kusan 6 a kan kowane bait kafin ya iya cika mata ciki.

To amma a duba aiki mai sauƙi, kamar tara jerin alƙaluma biyu. Domin lissafi ɗaya tak, ana ɗauko adadi biyu a ajiye ɗaya, kowanne bait 8, jimilla bait 24. Irin wannan dami ba zai taɓa kai kashi 1 cikin ɗari na ƙarfin lissafin na'urar ba, komai gwanintar wanda ya rubuta shi.

Idan ɗigon dami ya riga ya taɓo rufin, ƙarin gyara ɓata lokaci ne, sai dai a sauya dabarar lissafin baki ɗaya. Idan kuwa yana can ƙasa, akwai sauran aiki. Wannan ne kuma ke bayyana abin da ya faru da Frontier: jarrabawar da ta kafa tarihi da ita tana ƙarƙashin miƙaƙƙen rufi ne, yayin da HPCG ke ƙarƙashin karkatacce.

Waɗanne manhajoji ake amfani da su?

Kamfanin Nvidia ya daɗe yana bayar da wata manhaja mai suna Visual Profiler. A shekara ta 2018 ya fito da wasu biyu da suka maye gurbinta: Nsight Systems, wadda ke zana jadawalin lokaci na dukkan kwamfutar, da Nsight Compute, wadda ke binciken cikin dami guda.

Kamfanin AMD yana da nasa kayan awon a cikin tsarinsa na ROCm, shi kuma Intel yana da VTune da Advisor.

Akwai kuma waɗanda jami'o'i da cibiyoyin bincike suka samar, waɗanda ke aiki a kan na'urorin kamfanoni daban-daban, kuma an tsara su ne domin kwamfutoci masu dubban sassa. Daga ciki akwai HPCToolkit ta jami'ar Rice da ke Houston, da TAU ta jami'ar Oregon, da Vampir wadda jami'ar fasaha ta Dresden ke kula da ita, da Scalasca ta cibiyar bincike ta Jülich, da kuma Paraver ta cibiyar manyan kwamfutoci ta Barcelona.

Galibi ana yin awon ne a kan babbar kwamfutar da ke nesa, a ajiye sakamakon a fayil, sannan mai bincike ya buɗe shi a kan kwamfutarsa ta tebur.

Shin awon kansa ba ya yaudara?

Yana iya yaudara, kuma masana na gargaɗi a kan abubuwa da dama.

Na farko, awo yana taɓa abin da ake aunawa. Rubuta rajistar kowane motsi na cin lokaci, kuma idan abin ya yi yawa, hoton da za a samu na manhajar da aka nauyaya ne. A babbar kwamfuta fayil ɗin rajista na iya girma har ya gagari buɗewa, shi ya sa akan auna 'yan zagaye kaɗan daga tsakiyar aiki.

Na biyu, na'urar ba ta iya ƙirga dukkan abubuwa a tashi ɗaya. Don haka manhaja irin Nsight Compute kan maimaita dami guda sau da dama, kowane karo tana karanta wasu ma'aunan. Lokacin da aikin ya ɗauka a ƙarƙashin irin wannan bincike ba shi ne lokacinsa na gaskiya ba.

Na uku, zagayen farko kan fi sauran jinkiri, saboda a lokacin ne ake tayar da na'ura da loda manhaja. Wanda ya auna shi kaɗai zai kama ɓarawon da ba shi ba ne.

Na huɗu, matsalar da ke bayyana da ƙananan bayanai na gwaji ba lalle ne ta zama ita ce ke bayyana da bayanan aiki na gaskiya ba.

Na biyar kuma shi ne wani adadi da mutane da yawa ke dogara da shi, wanda ke cewa ana amfani da GPU kashi 100 cikin ɗari. A na'urorin Nvidia ma'anarsa ita ce a duk tsawon lokacin akwai aƙalla dami guda da ke gudana. Bai ce komai ba game da ko ma'aikata nawa ne damin ya sa aiki.

Saboda haka ƙa'idar da aka saba bi ita ce a fara da jadawalin lokaci, a gyara abu ɗaya, a tabbatar cewa amsar lissafin ba ta sauya ba, sannan a sake awo. Da zarar an kawar da matsala mafi girma, wadda ke biye da ita ce ke zama mafi girma, kuma sau da yawa a wani wuri take da ba a zata ba.

Ina ruwan jama'a da wannan?

Abu na farko shi ne wutar lantarki da kuɗi. A lokacin da ta kafa tarihi Frontier na jan wuta kimanin megawat 21. Na'urar GPU guda samfurin H100 na iya jan wat 700. Duk sa'ar da irin waɗannan na'urori suka shafe suna jira, an biya kuɗinta.

A shekara ta 2024 kamfanin Meta ya bayyana cewa ya yi amfani da na'urorin H100 har dubu 16 wajen horar da babbar manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira, Llama 3, kuma kason ƙarfin lissafinsu da ya tafi ga ainihin aikin ya tsaya ne tsakanin kashi 38 zuwa 43 cikin ɗari. Wannan kuwa bayan ƙwararrun injiniyoyi sun yi iya ƙoƙarinsu ne.

Abu na biyu shi ne lokaci. Hasashen yanayi yana da wa'adi, domin hasashen ruwan gobe da ya fito jibi ba shi da amfani. A shekara ta 2016 hukumar kula da yanayi ta Switzerland ta fara gudanar da hasashenta na yau da kullum a kan kwamfuta mai amfani da GPU, bayan shekaru ana sake rubuta manhajar tare da cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasar da ke Lugano.

Idan manhajar hasashe ta ƙara sauri, ana iya raba taswira zuwa ƙananan yankuna, ko a maimaita lissafin sau da yawa domin a san girman shakkun da ke ciki, duk a cikin wa'adi ɗaya. Hukumomin yanayi na yankin Sahel, ciki har da NiMet ta Nijeriya da cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET da ke Yamai, suna amfani da sakamakon irin waɗannan manyan lissafe-lissafe na duniya wajen shirya nasu bayanan game da damina.

Abu na uku ya shafi masu ƙaramin ƙarfi. Ɗalibi ko mai bincike da ba shi da halin sayen GPU yakan yi hayar ta ne ta intanet, yana biya bisa kowace sa'a, galibi da dalar Amurka. A gare shi bambancin minti 15 da minti 2, idan aka ninka shi sau ɗaruruwa, shi ne bambancin kammala bincike da barin sa a tsakiya. Yawancin manhajojin awon da aka ambata a sama kuwa kyauta ake sauke su.

A watan Nuwamban 2024 wata kwamfutar mai suna El Capitan, wadda ke cibiyar Lawrence Livermore a California, ta karɓe matsayi na ɗaya daga hannun Frontier. Na'urorin da ke cikinta sun haɗa CPU da GPU a guntu ɗaya da ma'ajiya ɗaya, domin a rage matsalar gada. Amma jiran ma'ajiya da jiran saƙo daga sauran na'urori suna nan, kuma masu rubuta mata manhaja na ci gaba da buɗe jadawalin lokaci suna neman wuraren da babu launi.